Kara, Zare da Lamba: Awon Tufafi da Takalman Yara a Ƙasar Gobir ta Gabashin Sakkwato

Tsakure

Wannan muƙala ta dubi hanyoyin da iyaye ke bi wajen auna yara domin saya musu tufafi da takalma a Gangara da sauran garuruwan Sabon Birni da Isa. Ta bayyana ma'aunan gargajiya da Bahaushe ya ciro daga jikinsa, irin su taƙi da kamu da gaba, sannan ta bambanta su da awon kai tsaye, wanda ake yi da sillen kara ko zare. Ta kuma fayyace tsare-tsaren lambobin da masana'antun Turai da Amurka da Sin ke bugawa a jikin kaya. Abin da muƙalar ta tsaya a kansa shi ne, a kasuwar da kaya ke shigowa da lambobi masu saɓa wa juna, kara ya fi lamba aminci, matuƙar an kiyaye wasu ƙa'idoji wajen yanke shi da gwada shi.

Fitilun kalmomi: awo, kara, taƙi, kamu, lamba, kayan sallah, Gobir.

1.0 Gabatarwa

Idan azumi ya kai goman ƙarshe, magidanci daga Gangara yakan kama hanyar kasuwa da 'yan guntayen kara a aljihu. Kowane guntu tsawon tafin ƙafar ɗaya daga cikin 'ya'yansa ne. Yaran da za a saya wa takalman suna gida. Kuɗin mota ba ya barin a kwashi yara biyar ko shida zuwa kasuwa, kuma a 'yan shekarun nan matsalar tsaro ta sa ba kowane uba ne zai yarda ya ɗora ƙananan yara a kan hanyoyin yankin ba. Ke nan, sayen kayan yaro a nan sau da yawa sayayya ce da ake yi a bayan idon mai kayan.

Kuskure a irin wannan sayayya yana da tsada. Takalmin da ya matse ba lallai ne a sami damar mayar da shi kafin ranar idi ba, kuɗin kuma sun riga sun tafi. Wanda ya yi yawa yakan sa yaro tuntuɓe da jan ƙafa. Ga kuma ɓacin ran yaron da ya ga tsararrakinsa sun fita yawon sallah shi yana ɗaki. Saboda haka tambayar yadda ake ɗauko girman yaro daga gida a kai shi gaban mai tebur tambaya ce da ta cancanci nazari, ta fuskar al'ada da ta fuskar harshe.

2.0 Yankin da Kasuwanninsa

Gangara gari ne a ƙaramar hukumar Sabon Birni, wadda ke maƙwabtaka da Isa a gabashin jihar Sakkwato, kuma take iyaka da jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Bayan faɗuwar Alƙalawa a shekarar 1808, Gobirawa sun sake kafa mazauni a Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma wani reshensu ya kafa Sabon Birni. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta ratsa tsakiyar waɗannan 'yan'uwa. Harshe ɗaya ne, auratayya ba ta yanke ba, amma ma'auni ya rabu biyu: ɓangaren Faransa ya tashi da mita da santimita, ɓangaren Ingila ya tashi da yadi da inci. Duk da cewa Nijeriya ta koma tsarin mita a hukumance tun shekarun 1970, tela da mai sayar da yadi ba su saki inci ba har yau.

Kayan yara suna isowa yankin ta hanyoyi da dama. Akwai yadi da atamfa na Kantin Kwari da takalman roba na masana'antun Kano. Akwai takalman da ake ƙerawa a Aba. Akwai sababbin kaya ƙirar Sin, akwai kuma gwanjon Turai da Amurka, wanda a da wani kaso mai yawa nasa yakan sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ya biyo ta Nijar. A kan tebur ɗaya ana iya tarar da kayan da suka fito daga duk waɗannan wurare, kowanne da irin lambarsa.

3.0 Kalmomin Awo da Ma'aunan Jiki

Hausa ta bambanta ayyuka uku da ke da kusanci. Awo shi ne ɗora abu a kan ma'auni don sanin yawansa ko tsawonsa. Gwaji shi ne sanya tufa ko takalmi a jikin mai shi a ga ko ya yi daidai. Kintace kuwa shi ne ƙiyasta girma da ido ko da tunani, kamar uban da zai ce wa mai kaya, "Ba ni na ɗan shekara biyar." Gwaji ya fi sauran tabbas, amma yana buƙatar yaro ya kasance a wurin. Kintace ya fi sauƙi, sai dai cinikin biri a sama ne. Awo shi ne matsakaici, kuma a kansa wannan muƙala ta fi mayar da hankali.

Ma'aunan tsawo na gargajiya daga jikin mutum aka ciro su. Taƙi da ɗani suna nufin buɗin hannu daga babban yatsa zuwa ƙarshen manuni ko ɗan tsakiya, kuma masu magana sun sha bamban kan wanda ya fi wani tsawo. Kamu, wanda malamai ke kira zira'i, shi ne daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen ɗan yatsan tsakiya, wato kusan santimita 45 a hannun baligi, don haka kamu biyu sun yi kusa da yadi guda. Gaba ita ce daga ƙarshen yatsun hannu ɗaya zuwa na ɗayan idan an ware su, wato kimanin kamu huɗu. Da waɗannan masaƙa da maɗinka suka yi ta ciniki kafin zuwan tef.

Illar waɗannan ma'aunai a bayyane take: taƙin uwar da ta auna rigar ɗanta a gida ba shi ne taƙin mijinta da ya je kasuwa ba, ballantana na mai sayarwa. A babbar riga ko zane, bambancin yatsa biyu ba ya ɓata komai. A takalmin yaro kuwa, yatsa biyu ya zarce lamba uku. Wannan ne ya sa ma'aunan jiki ba su wadatar ba a nan, aka nemi wata dabarar.

4.0 Awon Kai Tsaye: Kara da Zare

Dabarar ita ce a ɗauki abu miƙaƙƙe, sillen karan dawa ko tsinken tsintsiya, a jera shi da tafin ƙafar yaro, a karya daidai tsawonta. Domin abin da ke da kewaye, kamar kai ko ƙugu, sai a zagaya zare ko igiyar kaba a ƙulla a inda suka haɗu. Domin riga da wando kuwa, sau da yawa tsohuwar tufar yaron ake bai wa maɗinki, a ce ya ƙara mata kaza. Baduku ma yakan sa mai fade ya taka fata ko takarda, ya zagaye ƙafar da zane, sannan ya yanka.

Abin lura a nan shi ne kara ba ma'auni ba ne irin taƙi ko inci, domin ba a ƙirga shi. Kwafin ƙafar ne da kanta. Ba ya buƙatar wanda ya yanke shi da wanda zai karɓe shi su yi tarayya a kan wani tsarin lissafi, ba ya kuma buƙatar ɗayansu ya iya karanta lamba. Karan da aka karya a Gangara tsawonsa ɗaya ne a Sabon Birni da Shinkafi da Maraɗi da Kano. Ko da mai tebur da Gobirci yake magana, ya ce ƙahwa da ɗiya, ko da Kananci, ya ce ƙafa da 'ya'ya, karan ya gama bayani.

Kara yana da wani aikin awo a rayuwar Bahaushe. Idan an yi rasuwa, da kara ake auna tsawon mamaci a aika wa masu haƙar kabari. Wannan alaƙa tana taimakawa wajen fahimtar dalilin da ya sa awon kara a wajen rayayye ya fi tsayawa a kan ƙafa, tsawon jiki kuwa a fi son ɗaukarsa da zare ko da tsohuwar riga, yaro yana tsaye. Al'ummar da ke camfa tsallake yaro don gudun kada ya ƙi tsawo ba za ta ɗauki sha'anin tsayin ɗanta da wasa ba.

5.0 Lambobin Masana'anta

5.1 Takalma

Lambar da ta fi yawa a kasuwannin Nijeriya da Nijar ita ce ta Turai, wadda ta samo asali daga Faransa. A wannan tsari, kowace lamba kashi biyu cikin uku ne na santimita, wato kusan milimita 6.7, kuma abin da ake aunawa shi ne gunkin da aka ƙera takalmin a kansa, wanda ya ɗara ƙafar da kimanin santimita ɗaya da rabi. Tsarin Ingila kuwa yana tafiya ne da sulusin inci, kusan milimita 8.5. Lambobin yara a cikinsa suna farawa daga inci huɗu, su hau zuwa 13 da rabi, sannan a sake komawa 1 domin na manya. Ke nan takalmi mai lamba 1 ya fi mai lamba 13 girma, abin da ke rikita mai saye ba kaɗan ba. Tsarin Amurka ya yi kama da na Ingila, sai dai lambarsa ta ɗan ɗara. Akwai tsarin ƙasa da ƙasa mai suna Mondopoint, wanda ke rubuta tsawon ƙafa da milimita kai tsaye. Akwai kuma tsohon lissafin Sin, inda ake ninka tsawon ƙafa na santimita sau biyu a cire goma.

A ɗauki yaro mai ƙafar santimita 18. Takalminsa a tsarin Turai 29 ne, a na Ingila 11, a na Amurka 12, a tsohon lissafin Sin 26, a Mondopoint kuma 180. Lambobi biyar, ƙafa ɗaya. Mafi haɗari a cikinsu su ne 29 da 26, domin sun yi kusa da juna har mai saye ba zai yi zaton tsari biyu ba ne. Uban da ya riƙe cewa ɗansa "26 yake sawa", saboda abin da ya gani a ƙarƙashin tsohon takalmi ke nan, idan ya sayo 26 na Turai ya sayo takalmin da ya gaza da santimita biyu. Ga kuma cewa ƙananan masana'antu ba duka ke bin ƙa'idar tsarin da suka buga lambarsa ba, gwanjo kuwa wani lokaci lambar ma ta goge.

5.2 Tufafi da Huluna

Rigunan kanti na yara iri biyu ne ta fuskar lamba. Na yawancin ƙasashen Turai suna nuna tsawon yaro da santimita, suna hawa shida-shida: 92, 98, 104, 110, 116. Na Ingila da Faransa da Amurka sun fi nuna shekaru ko watanni. Lambar shekaru an gina ta ne a kan matsakaicin girman yara a ƙasashen da aka ɗinka kayan dominsu. A ma'aunin girman yara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, matsakaicin tsawon ɗan shekara biyu kusan santimita 87 ne, na ɗan shekara biyar kuma kusan 110. Amma binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun gaza tsawon da ya dace da shekarunsu, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa adadin ya haura rabi. Ma'anar wannan a kasuwa ita ce, rigar da aka rubuta wa shekara biyar tana iya yi wa ɗan shekara biyar na wannan yanki yawa. Lambar santimita ba ta da wannan matsala, domin tsawo take tambaya, ba shekaru ba.

A wajen tela kuwa, iyakar ƙasa ce ke haifar da ruɗani. Tef ɗin awo fuska biyu gare shi, inci a ɗaya, santimita a ɗayar. Inci guda santimita 2.54 ne. Hular da ake kira mai lamba 20 a kasuwannin Nijeriya tana nufin kewayen kai inci 20, wato kusan santimita 51. Duk wanda ya aika da awo a rubuce ko ta waya zuwa ɗaya gefen iyaka bai ambaci fuskar tef ɗin da ya karanta ba, ya bar ƙofar ɓarna a buɗe. Haka nan mita ta fi yadi da kusan santimita 8 da rabi, don haka mita uku sun ɗara yadi uku da kimanin inci goma, abin da ya isa hannun rigar ƙaramin yaro.

6.0 "Ya Girma da Shi"

Babu mai sayen kayan yara a ƙasar Hausa da bai san wannan furuci ba. Ɗinkin gargajiya ma da shi aka tsara shi. Wando mai zariya yana bin ƙugu duk yadda ya canza. Taguwa da 'yar shara da jamfa ba sa kama jiki. Zane ɗaurawa ake yi. Tela yakan bar kalmasa mai faɗi a ƙasan riga da ƙafar wando domin a warware ta baɗi. Daga kimanin shekara huɗu zuwa gab da balaga, yaro yana ƙara santimita biyar zuwa shida a shekara, saboda haka kalmasar inci biyu tana sayo wa riga shekara guda cur. A fannin tufafi, hikimar ta yi daidai da lissafi.

Kuskuren yana zuwa ne idan aka ɗauki wannan hikima aka ɗora wa takalmi sau-ciki ko kambas, waɗanda ba su da zariya balle kalmasa. Ƙafar yaro tsakanin shekara ɗaya da uku tana ƙaruwa da kimanin milimita ɗaya da rabi a wata, tsakanin uku da shida kuma kusan milimita ɗaya. Tazarar ƙaramar sallah da babba wata biyu ne da kwana goma, wanda a cikinsa abin da ƙafa za ta ƙara bai wuce kimanin rabin lamba ɗaya ta Turai ba. Daga babbar sallah zuwa ƙaramar da ke biye kuwa wata tara ne da kusan kwana ashirin, kuma a nan ƙafar za ta haura lamba guda, a wajen ƙananan yara ma ta kai biyu. Ke nan takalmin ƙaramar sallah zai kai babba ba tare da wani ƙari na musamman ba. Sararin da ya dace a bari a gaban yatsa shi ne kimanin milimita 12 zuwa 15, kusan faɗin babban yatsan hannu. Ƙarin lamba uku don takalmi ya shekara biyu asara ce, domin kafin ƙafar ta cika shi ya riga ya mutu, yaron kuma ya sha kanta da faɗuwa a banza.

Matsattsen takalmi ya fi wannan illa. Ƙasusuwan ƙafar ƙaramin yaro ba su gama ƙwari ba, yawancinsu guringuntsi ne. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hakan takalmin da ya gaza ke yi wa yatsu. Ƙaramin yaro kuma ba kasafai yake faɗa ba, musamman idan yana tsoron a karɓe masa sabon takalminsa.

7.0 Raunin Kara da Gyaransa

Fifita kara a kan lamba ba ya nufin ba shi da rauni. Rauninsa huɗu ne, kuma kowanne yana da magani.

Na farko, yadda ake yanke shi. Ƙafa tana baje idan nauyi ya hau kanta, tana kuma ɗan kumbura da yamma. Ya kamata yaro ya tsaya, dugadugansa na jingine da bango, a auna daga bango zuwa yatsan da ya fi tsawo, wanda ba kullum ne babban yatsa ba. A auna ƙafafu biyu, a ɗauki wadda ta fi.

Na biyu, yadda ake gwada shi. Da yawa sukan ɗora karan a ƙarƙashin takalmi. A silifa da fade wannan ya wadatar. A sau-ciki kuwa, tafin waje ya fi cikin takalmin tsawo, don haka sai an zura karan ciki, a tura shi gaba, a ga ko babban yatsa zai shiga tsakaninsa da dunduniyar takalmin.

Na uku, kara tsawo kawai yake ɗauka. Yaron da ya saba yawo ba takalmi ƙafarsa takan fi faɗi, yatsunsa a ware. Maganin wannan shi ne dabarar baduku: a zana ƙafar a kan kwali, a yanke, a tafi da shi. Idan kwalin ya lanƙwashe a cikin takalmi, ƙafa ma za ta takura.

Na huɗu, kara yana tsufa. Wanda aka yanke da azumin bara ba ya aiki bana. Idan kuma yaran suna da yawa, a yi wa kowane kara shaida don kada na Audu ya koma na Ladi. A ɓangaren tufafi, zare ɗaya mai ƙulli uku, na tsawon riga da na hannu da na wando, ya fi dabarar zagaya ƙugun wando a wuya, domin wannan dabara ta manya ce, ƙaramin yaro kuwa tumbinsa ya saɓa wa wuyansa.

8.0 Kammalawa

An ga cewa Bagobirin Gangara yana sayayya ne a mahaɗar ma'aunai da dama: taƙi da kamu na kakanni, inci da yadi na Ingila, mita ta Faransa, da lambobin masana'antu masu saɓa wa juna. A cikin wannan cakuɗa, sillen kara da ƙullin zare sun ɗore ne saboda suna yin aikin da lamba ta kasa, wato isar da girman yaro daga gida zuwa kasuwa ba tare da tafinta ba.

Akwai aiki a nan ga manazarta Hausa. Kalmomin taƙi da ɗani da kamu da gaba suna ja da baya a bakin matasa, kuma bambancin ma'anarsu tsakanin Gobirci da Sakkwatanci da Katsinanci da Kananci abu ne da ya kamata a tattara daga bakin tsofaffin masaƙa da dukawa da maɗinka tun suna raye. Haka nan masu rubuta littattafan lissafi na firamare da Hausa suna da darasi a shirye: a sa ɗalibi ya karya karan ƙafarsa, ya ɗora shi a kan tef ta fuska biyu, ya nemo lambarsa a tsarin Turai da na Ingila. Yaron da ya yi wannan sau ɗaya zai iya gaya wa mahaifinsa, kafin ya fita kasuwa, wace 26 ce tasa.